Filo a Jirgin Rayyis Hifni

Daga tsibiri, ƙarshen zafi

Zuwa ga Intisar, 'yar Fawziyya, a Iskandariyya.

Bayan sallama, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Medhat. Mu nan sai godiya. Gwiwata ta hagu tana nan yadda kika bar ta, ta dama ma ta fara koyi da ita. Ƙanwata Nabawiyya, wadda ta goya ki, tana gaishe ki, ta ce kin manta da ita. Tantabaru sun ƙyanƙyashe.

Girgis mai aski ne ke rubutawa, ni ke faɗa. Na gaya masa in ya rage kalma ɗaya zan sani, don sai liman ya karanta min kafin a liƙe. Kada ki kira wayarsa ki ce a ba ni. Kin san aikin rayyis mai jirgin fito, inji ya cinye min kunne, kuma maganar da zan yi ba ta shan iska ba ce.

Ranar kasuwar Talata, da hantsi, jirgin fito ya cika. Mata da kwandunan ƙwai, Hamdun da maraƙinsa. Ina shirin kwance igiya sai ga hayaniya daga hanyar ɗakin shan magani. Maza biyu ɗauke da mace a kan ƙyauren ƙofa, ciki ya kai wuya, fuska a rufe, ƙafafu na dukan katako. Afaf nas tana biye da jaka, tana cewa, "Rayyis, jijjiga ce, a sauke kowa."

Na sauke kowa. Hamdun ya tsaya gardama, na tura shi cikin laka shi da maraƙin. Igiya ta ƙi kwantuwa, na sa mata wuƙa. Na ba injin wutar da ban taɓa ba shi ba, har yau tari yake yi.

Ke ba ki san faɗin kogin nan a irin wannan rana ba, ko da yake kin taɓa ƙetare shi haka, kina cikin uwarki. A tsakiyar ruwa mayafin matar ya zame, na ga kumfa a bakinta. Girgis ya ce kada a sa abin da ya biyo baya, na ce rubuta. Na kira ta Fawziyya. Da ƙarfi na ce, "Fawziyya, daure, mun kusa." Ruwa yana kai murya, gaɓa biyu sun ji. Na yi kuka har gemuna ya jiƙe, ni da ko ranar da aka binne ta ba wanda ya ga hawayena.

Muna taɓa gaɓa sai matar ta tashi zaune. Ta tofar da kumfar, ta sa hannu ƙarƙashin riga, ta zaro filo. Filo mai furanni, Intisar. Wani mai tabarau da agogo a hannu ya fara tafi, sauran suka taya shi. Ya ce, "Madalla, Hajji, ka yi ƙoƙari. Atisaye ne." Ya miƙo min kwalbar lemo.

Yanzu a wajen mai shayi sunana Uban Filo. Jiya Hamdun ya ce min, "Rayyis, filon gidanmu ya kumbura, ko za ka leƙa ka duba mana watansa nawa?" Da ba don mutane ba da na sake kai shi laka.

Dariyar ba ita ce babba ba. A wurinmu ko ciwon kai ba a kwaikwaya. Uwa ta ga ɗanta ya miƙe kamar gawa yana wasa, mari take kai masa. Masifa kunne gare ta, ka kira ta ta amsa. Su kuwa suka ɗauki ciwon da ya kashe min 'ya suka shimfiɗa shi a jirgina suna tafi.

Na rantse a gaban jama'a: mai farar riga daga ɗakin shan maganin nan ba zai ƙara taka jirgina ba, ko Afaf ko ubangidanta. Su shiga kwale-kwalen masunta. Asibitin da ya bar mu a bakin ƙofa da uwarki ana neman wanda zai buɗe, yau shi ne zai gwada ni da agogo?

Da na matsa wa Afaf, ta ce daga Iskandariyya tsarin ya zo, wai irinku ne ke koya wa nas-nas wannan wasa. Makarantar jinya na raka ki, ba gidan 'yan kwaikwayo ba. Ki ba ni amsa ɗaya: da hannunki a ciki ko babu?

Kakanki, Rayyis Hifni

Daga Iskandariyya

Zuwa ga Kaka.

Ina sumbatar hannunka da na Inna Nabawiyya. A gaida Girgis mai aski da haƙuri. Muna lafiya. Gwiwar nan, maganin da na aiko sha ake yi, ba ajiya a kan taga ba.

Da hannuna a ciki, Kaka, har gwiwar hannu. Ni na roƙa a sa tsibirinmu, ni na koyar da Afaf. Na ce a gaya maka kafin ranar. Afaf ta ji tsoron bakinka, mai tabarau kuma ya ce in ba a gaya maka ba za a fi ganin gaskiya. Wannan kuskure ne, kuma na faɗa masa abin da ko kai sai ka ce ya isa. Da na karanta sunan da ka kira a tsakiyar ruwa, ban iya shiga aji ranar ba. Na ba ka haƙuri a kan ɓoyewar.

Amma atisayen kansa ba zan ba da haƙuri a kai ba.

Nas kamar Afaf tana iya shekara ba ta ga jijjiga ba. Ranar da za ta gani kuwa, ita kaɗai ce, ba likita, dangi na kuka a kanta, wani na tura wa mara lafiya cokali a baki, wani na goga mata albasa a hanci. A takarda ta san komai: a juya ta gefen hagu, kada a sa komai a baki, a yi allurar da ke tsayar da jijjigar, a riƙa duba numfashi. Sani a takarda daban, hannu daban. Shi ya sa a nan muke ɗaura filo mu kwanta mu yi ta karkarwa, su yi ta maimaitawa har hannu ya haddace abin da kai zai manta in tsoro ya zo.

Ka san abin da aka gano ranar Talatar? Allurar tana cikin kabad a kulle, makullin yana aljihun likita, likita yana ƙetare. Sai da suka ɓalle kwado. Afaf kuma hannunta ya yi rawa har kwalba ɗaya ta faɗi ta fashe. Gara ya yi rawa a kan filo.

Ka ce mun kira masifa. Uwata ba wanda ya kwaikwayi ciwonta, Kaka, kuma ya zo.

Rantsuwarka ba mai tabarau ta kama ba, shi yana ofis. Kwale-kwalen masunta ba ya ɗaukar mace a kwance, ka fi ni sani. In Afaf ba ta shiga jirginka ba, wa zai riƙe allura a tsakiyar ruwa? Hamdun?

Akwai labarin da na so in kawo maka da bakina, ka riga ni da faɗa. Ina da ciki, ya shiga wata biyar. A watan Tuba, tsakiyar sanyi, ake sa rai.

Jikarka, Intisar

Daga tsibiri, sanyi ya fara

Zuwa ga Intisar.

Bayan sallama da fatan alheri. Muna lafiya. Nabawiyya ta yi mura ta warke. Maganin gwiwa ɗaci ne da shi, yana nan a kan taga.

An ce kin yi fushi da shirun da na yi. Ki kuka da kanki. Da Girgis ya karanto ƙarshen takardarki, na ce masa ninke ta. Na ce sun gwada jirgi, yanzu zuciya suke gwadawa. Suna can su da mai tabarau da agogonsu, suna jiran su ga yaushe tsoho zai sake kuka. Na sa takardar ƙarƙashin tabarma, ban gaya wa ko Nabawiyya ba. Wanda aka nuna wa cikin ƙarya da rana tsaka, don ya yi shakkar ciki a takarda ba laifinsa ba ne.

Sai ga mijinki ya kira Girgis, har Girgis ya bar mutum da rabin gemu a kan kujera. Wai kin ce in ban amsa ba za ki raɗa wa yaron suna Filo. Nabawiyya ta karɓi wayar ta yi miki tambayoyinsu na mata, ta ajiye, ta yi guɗa, sannan ta juyo ta wanke ni tas a gaban masu jiran aski. Shekarunta sun kai na kakar wasu, amma harshen nan bai tsufa ba.

To, Allah ya raba lafiya. Na yanka tantabaru na rabar. Ban ce kin yi gaskiya a kan sauran maganar ba. Rantsuwata tana nan inda na ajiye ta. Namiji ba ya rantsuwa da safe ya lashe da yamma don an rubuto masa takarda mai kaifi.

Yanzu ga abin da ya sa na kira Girgis. Haihuwar fari gidan su mace ake yi, ba sai na tuna miki ba. Kakarki a gidan ubanta ta haifi uwarki, uwarki nan ta dawo da cikinki. Ke ma nan za ki zo. An shafe ɗakin gabas da farar ƙasa. Nabawiyya ta sayo garin mugat na masu jego da za ta dama miki da man shanu, ta fito da rariyar da aka sa ki ciki ranar bakwai, ta ba da turmin tagulla da ake bugawa a ranar an goge. Ungozomar da ta karɓi rabin tsibirin nan tana da rai, idonta garau.

Ba zan zauna a wajen mai shayi a ce jikar Hifni ta haihu a hannun baƙi, a bene na sama, kamar marar gida ba. Sun ce min Uban Filo, na haɗiye. Wannan ba zan haɗiye ba. Ni na ɗauko ki daga asibitin nan a cikin rawanina, ba uwa, ubanki ya sa kai ya tafi. Abu ɗaya nake nema a wurinki duk tsawon shekarun nan, in ji kukan ɗanki a ƙarƙashin rufina. Ki gaya wa Medhat ya kawo ki kafin Tuba ya kama.

Kakanki, Rayyis Hifni

Daga Iskandariyya

Zuwa ga Kaka.

Ina sumbatar hannunka. Na gode da tantabarun. A gaya wa Inna ina mafarkin gurasarta da miyar lalo, ta nan duk ruwa ce.

Lafiyata da sauƙi, amma ba zan ɓoye maka ba. Zoben aure ya ƙi fita daga yatsana, takalmin Medhat nake sawa a cikin gida. Jinina ya fara hawa kaɗan. Ciwon nan yakan bi 'ya daga uwa, musamman a cikin fari. Ana auna ni kullum, ina shan magani. Likitata ba ta son tafiyar. Ta ce in jinin ya tsaya inda yake, kuma akwai hanyar kai ni asibiti da sauri, shawara tawa ce.

Ina so in zo, Kaka. Kada ka zaci benen nan ya fi min ɗakin gabas. Amma ba zan kwanta haihuwa a tsibirin da mai fitonsa ya rantse ba zai ɗauki nas ba. Ungozoma idonta garau, na yarda. Ranar uwata ma garau yake.

Ga sharaɗina. Ka yi kaffara ka warware rantsuwar. Sannan ku yi atisaye kai da Afaf, da saninka, daga gadon ɗakin gabas har ƙofar asibiti, ba tsallake komai. In an yi, Afaf ta kira ni, in haɗa kaya. In ba a yi ba, a nan zan haihu, ka aiko da rariyar.

Kuma kada ka ce don ni kaɗai. Ka tsaya a bakin jirginka ranar Talata ka dubi matan da ke shiga suna dafe da ƙugu. Su ba su da Iskandariyya.

Ka ce taurin kai gare ni. A rawaninka aka kawo ni gida, can na kwasa.

Jikarka, Intisar

Daga tsibiri, watan Kiyahk, gab da Tuba

Zuwa ga Intisar.

Sallama. Lafiya lau, ban da Girgis da ke rubutu yana nishi, dalili na tafe. Yaya ƙafafun? Ki rage yawo.

Afaf ta kira ki, na sani, kuma an ce Medhat ya sayi tikiti. Ita rabin labari ta ba ki, don ita nata rabin ya yi kyau. Ki saurari nawa.

Na yi kaffara. Ba don takardarki ba, don na ga dama. Na kira Afaf na ce mata a yi, amma da sharaɗina: mace ba za ta kwanta ta kwaikwayi ciwon nan a gidana ba, balle a gadon da za ki hau. Ta ce to wa zai kwanta? Na ce namiji. Namiji ba ya ɗaukar ciki, masifa ta ji kira ta zo, ta duba, ta rasa wurin sauka. Na ce Girgis ga shi nan, nauyinsa na mai tagwaye ne, rabin filon ma Allah ya riga ya ɗaura masa.

Ya ce, "Hifni, ni Kirista ne mai mutunci, ina da 'ya'ya mata a gidan miji." Na ce, "Shekara nawa kana yanka min haɓa ban kai ƙara ba? Kwanta." Matarsa ta zana masa gicciye a goshi, ta ce in ya haihu ita ba za ta yi reno ba.

Da hantsi aka fara. Tsibirin kaf ya zo kallo, har kan katanga. Girgis ya kwanta da filo ƙarƙashin jallabiya, na ce masa kada ya daina sai an ce ya daina. Yana fara karkarwa Nabawiyya ta manta wasa ne, ta rugo da cokali da albasa. Afaf ta buge mata hannu. Nabawiyya fa. Sai Afaf ta juya shi gefen hagu, ta sa mata biyu su tare shi kada ya faɗo, ta buɗe jaka, tana faɗin abin da take yi da ƙarfi kamar mai karatu. Ta ja ruwan allura, ta soke a filo a madadin mazaunai, dama da hagu. Hannun bai yi rawa ba, na sa ido. Yarinyar ta iya. Ban gaya mata ba, ke ma kada ki gaya mata.

Har bakin ruwa ana dariya. Hamdun na bin mu yana cewa, "Sannu Uwar Filo, Allah ya sauke ki lafiya." Girgis na kwance yana zaginsa ta gefen baki.

Ranar Talatar can idona a rufe yake da hawaye, ban ga komai ba. Wannan karon na san ƙarya ce, sai na ga komai.

Ruwa ya fara ja, kamar kowace shekara in an rage sakinsa daga madatsar ruwa ta sama. Na bi hanyar da nake bi, na kauce wa tudun yashin da na sani, ashe ya haifi ƙane a gefensa. Jirgi ya hau ya zauna. Na kashe inji, na sa gora, ya ƙi. Mazan da ke ciki suka sauka cikin ruwan sanyi har ƙirji suna turawa. Afaf ta ce wa Girgis ciwon ya dawo, ya sake. Yana dukan katako da ƙafa, ita tana riƙe da kansa tana kallon numfashinsa, jirgi a tsaye cik, gaɓa ga ta can ina ganinta ba na iya kai wa. Daga nan ban ƙara jin dariya daga tsibiri ba.

Da muka fita, mashigar ƙetare ta yi nisa da ruwa, laka ce tsakani, mai ɗauke da ƙyaure ya nutse har gwiwa. Motar asibiti kuma babu ita. An kira ta tun muna gida. Kin manta lokacin saran rake ne, taraktoci sun cika hanya da lodi, ɗaya ta karye a kan gadar magudana, komai ya tsaya a bayanta. Da hantsi muka bar ɗakin gabas. Muna isa ƙofar asibiti ana kiran azahar. Girgis bai iya ɗaga hannu ba sai da aka kama shi.

Afaf ta ce allurar ta riƙe, da gaske ne da wataƙila an kai da rai. Wataƙila. Na taɓa ɗaukar wataƙila a jirgin nan sau ɗaya. Kuma wannan Kiyahk ne. A Tuba ruwa zai ƙara ja, rake zai ƙara yawa.

Don haka ki ji. Ki mayar da tikitin. Ki zauna inda asibiti ke ƙarshen layi, ki haihu a hannun likitarki. Ba shawara nake ba ki ba. Na san za ki ce kin sa sharaɗi an cika, alkawari ya hau kanki. Gidana ne, ni na gayyata, ni na janye.

Nabawiyya za ta hau jirgin ƙasa da rariya da turmi da mugat da kwandon tantabaru, ku yi bakwai ɗinku a bene. Ni ba zan zo ba. Na tsaya a bakin jirgi ranar Talata kamar yadda kika ce, na ga masu dafe ƙugun. Matar ɗan Hamdun ma tana cikinsu, fuskarta ta fara cika. Na sa sanduna a kan yashin, za mu zuba dutse a lakar ƙetare, kuma na yi magana da mai keken doki da ya san hanyar cikin gonaki. Afaf ta ce a sake atisaye kafin Tuba. Girgis ya ce sai dai a nemi wata mai cikin, na ce masa rubuta, kai ne.

A wajen mai shayi za su ce jikar Hifni ta haihu a hannun baƙi. Su faɗa. Bakinsu ne, su yi ta wanke shi da shayi.

Na san ki, don na san kaina. Kina iya karanta wannan ki ce tsoho ya tsorata, ki tasa Medhat gaba ku taho. To in kika iso gaɓar can da cikin nan, ki kira ni har muryarki ta dushe, ba zan ƙetaro in ɗauke ki ba. Na rantse a gaban liman da Girgis, kowa da littafinsa. Wannan kuma ba zan yi mata kaffara ba.

Kakanki, Rayyis Hifni